Layi na Sha Ɗaya

Saƙon ya faɗo wayar Habsu bayan magariba,
daga wata Loreta, can ƙetaren ruwan gishiri.
Hoton tsohuwar takarda, launin jiƙon tsamiya,
lissafin gadon wani mai gonar shinkafa
da ya mutu tun Amirka na hannun Ingilishi:
tukwane takwas, agogon bango, goɗiya mai ciki,
sai layi na sha ɗaya:
namiji, Kato, tsage uku-uku a kumatu,
ya iya jimar fata. Fam sittin.

Ta ce jininta ne.
Ta ce ta tofa yawu a kwalba, ta aika,
na'ura ta nuno mata sashenmu.
Ko akwai wanda ya san shi?

Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi a lakwal,
sunayen sarakuna a bakina kamar ƙirgen dala,
babu majemi ko ɗaya a ciki.

Kato.
Ko ubangidan ne ya laƙa masa, yadda ake wa doki,
ko wani ɗan'uwa a cikin jirgi ya ce "kai, ƙato!"
Bature ya ji, ya zubar da ƙugiyar harafin?

Na sa takalmi.
A Zango na sami Ari wanzami yana wasa aska,
ya dubi hoton kamar zai ga kumatun ta bayan rubutu.
Ya ce, "Uku-uku? Daga nan har Daura, har Borno.
A tsaye suke ko a kwance? Daga kunne ko daga baki?"
Takarda ba ta faɗa ba.
Mai ƙirga dukiya ina ruwansa da kwanciyar tsage.

Na gangara majema.
Warin ne ya fara yi mini maraba:
bagaruwa, toka, kashin tantabara.
Barma, hannunsa baƙi har gwiwa,
ya lissafa mini kakanni shida ba numfashi,
a na bakwai ya tsaya, ya sosa ƙeya da kafaɗa.
"Daga nan sai Allah. Amma tambayi Iya Cima."

Iya Cima ba ta gani, tana ɓarar gujiya a faifai
a wani lungun Birni da dutse ya zame wa katanga.
Na karanta mata layin, na fassara.
Ba ta daina ɓara ba.
Ta ce, "Mu a gidanmu ba a raɗa wa yaro Gagare.
Kakata ta ce kakarta ta ce
wani mai sunan ya ɗauki jar fata zuwa kudu,
ya bar guda bakwai a jiƙe, zai dawo ya kwashe.
Uwarsa ta hana a taɓa kwatarniyar
har fatun suka narke."
Na ce, yaushe?
Ta ce, "Kafin ganuwa."
Na ce, yana da tsage?
Ta yi dariya: "Malam, wa ba shi da su a lokacin?"

Da dare na zauna da bik da fitila.
Ƙarya tana da sauƙi, kuma za ta yi wa Loreta daɗi.
Na rubuta, na soke. Na sake, na soke.
Daga ƙarshe na ce Habsu ta aika mata haka:

Ba mu same shi ba.
Mun sami gurbin wani mai tsawonsa.
Naku ya iso ba gari, namu ya fita ba labari,
ba ni da igiyar da zan ɗaura su.
Amma Barma ya ba da fatar akuya, ja, jimar bana.
In ta iso, kada ki rataye ta a bango.
Shinshina.
Wannan warin, ko shi ne ko ba shi ba,
ya san shi.